Ciyarwa da cututtukan ciki a 'ya'yan ƙadangare mai gemu

Ƙadangare mai gemu, wanda masana ke kira Pogona vitticeps, wani nau'in ƙadangare ne da asalinsa yake a busassun yankunan tsakiyar ƙasar Ostareliya. Masanin dabbobi ɗan ƙasar Jamus Ernst Ahl ne ya fara bayyana shi a kimiyyance a shekarar 1926. Yana cikin dangin Agamidae, wato dangi ɗaya da jan gwada da aka saba gani a ƙasar Hausa. Ana kiwonsa a gida don sha'awa musamman a Amurka da Turai, kuma tun da Ostareliya ta hana fitar da namun dajinta, waɗanda ake sayarwa a waje a hannun masu kiwo ake ƙyanƙyashe su. Babba yakan kai tsawon santimita 60 har da wutsiya, yana kuma iya rayuwa shekara 10 ko fiye. Shekarar farko ita ce mafi haɗari a rayuwarsa, domin jiki na girma da sauri, kuma kuskure kaɗan a abinci ko ɗumi kan jawo naƙasa ko mutuwa.

Abincin ƙanana

Wannan ƙadangare yana cin ƙwari da ganye, amma ƙarami ya fi buƙatar ƙwari saboda sinadarin gina jiki, yayin da babba ke komawa ga ganye. Ana ciyar da ƙanana sau biyu zuwa uku a rana da gyare, da ƙananan kyankyasai na kiwo, da tsutsar wani baƙin ƙuda mai yawan kalsiyam. Ƙa'idar da masu kiwo suka fi bi ita ce kada ƙwaron ya wuce faɗin da ke tsakanin idanun ƙadangaren. Ana kuma ajiye masa yankakken ganye da kabewa kullum ko da bai ci ba, domin wanda bai saba da ganye tun yana ƙarami ba yakan ƙi shi idan ya girma.

Gyare yana da fosfaras fiye da kalsiyam, alhali jikin ƙadangaren na buƙatar kalsiyam kusan ninki biyu na fosfaras. Saboda haka ake barbaɗa wa ƙwarin garin kalsiyam kafin a ba shi, ana kuma ciyar da su kansu ƙwarin da abinci mai kyau kwana ɗaya ko biyu kafin nan. Ba a ba shi fiya, kuma ƙwaron nan mai walƙiya da dare yana ɗauke da dafin da ƙwaya ɗaya tak ke iya kashe shi.

Ɗumi da haske

Jikin ƙadangare ba ya samar da zafinsa da kansa, don haka narkewar abinci ta dogara ne ga ɗumin wurin da yake. A cikin akwatin kiwo ana buƙatar wurin shan ɗumi mai digiri 38 zuwa 42 a ma'aunin salsiyos, da wani gefe mai ɗan sanyi da zai koma idan zafi ya ishe shi. Idan ɗumi ya gaza, hanji kan yi sanyin aiki, abinci ya daɗe a ciki, sai amai ko ƙin cin abinci su biyo baya. Shi ya sa ake jira jikinsa ya ɗumama da safe kafin a ciyar da shi, ba a kuma ba shi abinci dab da kashe fitila.

Haka nan yana buƙatar hasken UVB, wanda fata ke amfani da shi wajen haɗa bitamin D3. In babu wannan bitamin, hanji ba ya iya tsotse kalsiyam komai yawansa a abinci. Gilashin taga yana tare hasken, kuma fitilun da ke ba da shi suna rauni bayan wata 6 zuwa 12 ko da suna ci gaba da haskawa.

Toshewar hanji

Toshewar hanji na faruwa ne idan abin da bai narke ba ya cunkushe a ciki. Abubuwan da suka fi jawo ta su ne haɗiye yashi ko tsakuwa lokacin cafkar ƙwaro, da cin ƙwaro mai girma ko mai taurin ɓawo, da ƙarancin ruwa a jiki, da sanyi. Ƙarami mai lafiya yakan yi bayan gida kusan kullum, saboda haka kwanaki ba tare da shi ba alama ce ta matsala, musamman idan ciki ya kumbura ko ya yi tauri. Wani lokaci cunkoson yakan danne jijiyoyin ƙashin baya har ƙafafun baya su daina motsi. Idan abin bai yi tsanani ba, gyara ɗumi da jiƙa shi a ruwan ɗumi marar zurfi kan taimaka. Idan ya tsananta, likitan dabbobi yakan ɗauki hoton ciki, ya ba da ruwa da maganin sassauta hanji, ko ya yi tiyata. Don rigakafi, ana shimfiɗa wa ƙanana takarda ko tayil maimakon yashi.

Laushin ƙashi

Wannan cuta sakamako ce ta ƙarancin kalsiyam ko bitamin D3. Idan kalsiyam ya ragu a jini, jiki yakan janyo shi daga ƙasusuwa, sai su yi laushi. Alamunta sun haɗa da rawar yatsu, da laushin muƙamuƙi, da lanƙwasar ƙafafu ko ƙashin baya, da karaya ba tare da wani rauni ba. Tana kuma raunana tsokar hanji, abin da ke ƙara haɗarin toshewa. Magani na iya tsayar da ita, amma ƙashin da ya riga ya lanƙwashe ba kasafai yake miƙewa ba.

Ƙwayoyin cuta

Gudawa, da ɗoyin bayan gida fiye da kima, da rama duk da cin abinci, sukan nuna akwai ƙwayoyin cuta a hanji. Waɗanda aka fi samu su ne ƙananan tsutsotsin ciki da ƙwayar Isospora amphiboluri. Manya kan ɗauke su ba tare da wata alama ba, amma a ƙanana suna hana girma kuma suna busar da ruwan jiki. Gwajin bayan gida ne ke tabbatar da su, kuma dole a haɗa magani da tsabtace akwati, tun da dabbar na sake kamuwa daga kashinta.

Akwai kuma ƙwayar bairos ta adeno da ke kama hanta da hanji. Ba ta da magani, kuma ta fi kashe ƙanana, don haka ake killace sabon ƙadangare kafin a kusantar da shi da sauran. Manya sukan rage cin abinci a lokacin sanyi bisa ɗabi'arsu, amma wanda bai kai shekara ba idan ya daina ci, likita yake buƙata.

Haɗari ga mutane

Ƙadangare mai gemu na iya ɗauke da ƙwayar salmonela a hanjinsa ko da yana cikin ƙoshin lafiya. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta danganta ɓarkewar cutar da shi fiye da sau ɗaya, ciki har da ta shekarar 2014. Hukumar na ba da shawarar a wanke hannu da sabulu bayan taɓa shi, kada a wanke kayansa a inda ake haɗa abinci, kuma a nisanta shi da yara 'yan ƙasa da shekara 5, da tsofaffi, da masu raunin garkuwar jiki.