Yadda ake ɗora madabod a kwamfutar tebur a inda mai gyara yake nesa

Duk mai wayar da ya taɓa zuwa wajen mai gyara ya san wannan maganar: "Injin ne ya tafi." Da an faɗe ta an gama, domin a cikin waya furosesa da RAM da ma'ajiya duk a manne suke a kan allo ɗaya, in ɗaya ya mutu sauran sun bi shi. Kwamfutar tebur ba haka take ba. Ita ma tana da wannan babban allo, wanda ake kira madabod, amma komai soka shi ake yi a jikinsa, ana kuma iya cirewa. Shi ya sa matashin da ya iya kwance noti zai iya canza allon da hannunsa cikin awa ɗaya ko biyu.

Ga wanda ke zaune a Tabanni, ɗaya daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Birnin Gwari, wannan ba sha'awa ba ce kawai. Mai shagon buga takardu, da mai tura fina-finai a waya, da mai filashin, da ɗalibin da ke gwajin jarrabawar JAMB, wadda ta koma kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, duk da kwamfuta suke cin abinci ko suke neman ci gaba. Daga garin Birnin Gwari zuwa Kaduna ya haura kilomita 100, a hanyar da ta ratsa daji, wadda aka shafe shekaru ana fargabar bi. Ko bayan sulhun da ya sa aka sake buɗe kasuwar dabbobi ta Birnin Gwari a watan Nuwamba na 2024, ba wanda zai so ya biya kuɗin mota zuwa da dawowa saboda an ba shi allon da bai dace da furosesarsa ba. Mafi yawan hasarar da ake yi a wannan aiki a kasuwa ake yin ta, ko a jikin soket ɗin wuta. Ɗaure notin shi ne mafi sauƙi.

Kafin a miƙa kuɗi

Kowane madabod yana da mazaunin furosesa guda ɗaya, kuma kowane mazauni da irin furosesar da yake karɓa. A kayan Intel da suka cika kasuwannin tokumbo, daga Computer Village ta Ikeja har Beirut Road ta Kano, LGA1155 na ƙarni na 2 da na 3 ne, LGA1150 na ƙarni na 4, LGA1200 na 10 da 11, LGA1700 kuma na 12 zuwa 14. Lambar farko bayan alamar tsaga ita ke nuna ƙarni (daga na 10 zuwa sama, lambobi biyu na farko): i5-4570 ƙarni na 4 ce, i5-8400 ta 8. Saboda haka cewa "Core i5 ce" ba ta wadatar ba, kamar dai a ce waya "Tecno ce" a yi shiru.

Akwai tarko a LGA1151. Ƙarni na 6 da 7 suna amfani da shi, na 8 da 9 ma haka, furosesar za ta zauna daram a ko wanne, amma ba za ta tashi ba sai a allon zamaninta. H110 da B250 na 6 da 7 ne, H310 da B360 na 8 da 9. Mutane da yawa sun dawo gida da wannan haɗin, suka yi zaton allon ne ya lalace. A ɓangaren AMD, mazaunin AM4 ya daɗe tun 2016, amma tsohon allo kan buƙaci a sabunta masa BIOS kafin ya gane sabuwar Ryzen. Duk kamfanin kirki, irin su ASUS da Gigabyte da MSI da ASRock, yana ajiye jerin furosesoshin da kowane allo ke karɓa a shafinsa. A duba a waya tun ana tsaye a gaban mai kaya.

RAM ma haka. DDR3 da DDR4 da DDR5 kowacce tsagarta a wuri daban take, ba ta shiga ramin 'yar'uwarta. Wadda ta ƙi shiga ba ƙarfi take so ba.

Sai girma. ATX, tsarin da Intel ta fito da shi a 1995, milimita 305 ne a 244. Micro-ATX 244 a 244, Mini-ITX kuma 170 a 170. Ƙaramin allo yana shiga babban kesin, babba ba ya shiga ƙarami. Amma kwamfutocin ofis na HP da Dell da Lenovo, waɗanda su ne mafi arha, da yawansu ba sa bin wannan tsari. Ramukan notinsu daban, filogin wutarsu daban, wani lokaci mai baki 6 ko 8 maimakon 24. Idan allon irinsu ya mutu, a nemo irinsa sak da lambar da ke jikinsa. Ƙoƙarin cusa allon kasuwa a cikin siririn kesin ɗin Dell ɓata rana ne.

Abu na ƙarshe a kasuwa: a leƙa cikin mazaunin da fitilar waya. A allon Intel, siraran filoli sama da dubu suna cikin mazaunin ne, kuma ɗaya kacal in ya lanƙwashe zai iya hana RAM aiki. A sa mai kaya ya kunna allon a gabansa har hoto ya fito.

Hunturu da jan makunni

Lokacin hunturu iska kan bushe, jiki ya tara wutar nan da ke tartsatsi idan an cire rigar sanyi cikin duhu. Wannan 'yar wutar tana iya kashe ƙwaƙwalwar allo ba tare da an ga hayaƙi ba. Maganinta ba tsada: a yi aikin a kan teburin katako, ba a kan darduma ko katifa ba, a riƙa taɓa ƙarfen kesin kafin a ɗauki kaya, a kuma riƙe allon ta gefensa.

Mafi haɗari shi ne wani ɗan jan makunni da ke bayan wasu tsofaffin fawa-fak, mai rubutun 115 da 230. Amurka da wutar kusan bolt 120 take aiki, Najeriya da 230. Kwamfutar da ta zo daga can makunninta na kan 115, aka soka ta a nan, ƙara ɗaya za a ji sai wari. A tabbata 230 ne ke bayyane kafin waya ta taɓa soket.

A fara a kan kwali

Masu gaggawa kan ɗaure komai cikin kesin sannan su kunna. Gara a fara gwaji a waje, a ɗora allon a kan kwalinsa. A ɗaga ɗan sandan mazauni, a daidaita alamar kusurwa uku da ke gefen furosesa da wadda ke jikin mazaunin, a ajiye ta a hankali. Da nauyinta take zama, ba a danna ta. A mayar da sandan, a ɗiga man sanyaya kamar ƙwayar wake a tsakiya, a ɗora fanka ana ɗaure kusurwoyi a gicciye. Sabuwar fanka wani lokaci tana zuwa da leda a ƙasanta, a ɓare ta. Wayarta kuma a bakin da aka rubuta CPU_FAN take shiga.

RAM sai ta yi ƙas a gefe biyu. Idan ramuka huɗu ne kuma sanduna biyu, yawancin alluna na so a sa a na biyu da na huɗu daga furosesa, wato A2 da B2, don su yi aiki tare.

Wayoyin wuta biyu ne: babba mai baki 24, da ƙarami mai 4 ko 8 kusa da furosesa. Mantawa da ƙaramin shi ne sanadin da ya fi yawa na "fanka na juyawa amma ba hoto". Kada kuma a rikita shi da na katin hoto, wanda ke rabuwa 6 da 2. Na furosesa 4 da 4 yake rabuwa. A jona monita, a taɓa filoli biyun da aka rubuta PWR_SW da bakin sukudireba na daƙiƙa ɗaya. Idan tambarin kamfani ya bayyana, an haye. Idan bai bayyana ba, a duba sunan furosesar: ta Intel mai F a ƙarshe, da yawancin Ryzen na AM4 marasa G, ba sa fitar da hoto sai da katin hoto na daban.

Shigarwa cikin kesin ba ta da wuya. Farantin bayan nan mai ramukan USB shi ake fara makalawa. Sai a ƙirga 'yan ƙafafun tagullar da allon ke zama a kansu: kowace ƙafa ta dace da rami, wadda ba ta da rami a cire ta, don ƙafa ɗaya da ta taɓa bayan allo ta isa ta haɗa wuta. Noti a ɗaure shi daidai, ba kamar na tayar babur ba. Wayoyin gaban kesin su ke ba da ciwon kai saboda ƙanƙanta. Na makunni ba ruwansu da juyi, na fitila ne ke da fari da baƙi, kuma ko an juya su fitilar ce kawai ba za ta kama ba.

Cikin BIOS

Da an kunna a riƙa danna Del ko F2, a HP kuma F10. Abin dubawa na farko: shin allon ya ga duk RAM da ma'ajiya? Na biyu zafi. Furosesar da ba ta aikin komai amma ta doshi digiri 80, fankarta ba ta zauna ba, a kashe a sake ɗorawa. A watan Afrilu, lokacin da ɗakin kwano ke zama tanda, wannan kuskure kashe kwamfutar zai riƙa yi a tsakiyar aiki.

Sai kwanan wata. Ɗan batirin CR2032 mai kama da kwabo shi ke riƙe agogo idan ba wuta, kuma a allon tokumbo sau da yawa ya riga ya mutu. Alamarsa ita ce kwamfuta ta koma wata tsohuwar shekara, burauza ta ƙi buɗe shafuka tana kukan tsaro. Mutane kan zagi netwok, alhali batirin da ake samu wajen mai gyaran agogo ne.

Akwai saitin da ke tambayar abin da kwamfuta za ta yi idan wuta ta dawo bayan ɗaukewa, yawanci da suna Restore on AC Power Loss. A inda ake aiki da janareto a bar shi a Power Off, domin lokacin da inji ke tashi wutarsa ba ta daidaita ba. Sabunta BIOS kuwa kada a kusance shi sai da UPS ko inbata mai cikakken caji. Wuta ta ɗauke a tsakiyarsa, allon na iya zama faranti.

Maganar Windows ta canza lissafin sayen tsohon allo. Microsoft ta sanya 14 ga Oktoba, 2025 a matsayin ranar daina tallafa wa Windows 10, Windows 11 kuma tana neman TPM 2.0 da furosesar Intel ƙarni na 8 zuwa sama, ko Ryzen 2000. A BIOS ana kunna TPM da sunan PTT a Intel, fTPM a AMD. Allon H61 ko H81 zai ci gaba da buga takarda da tura fim lafiya lau, kuma Linux Mint na tafiya a kansa da kyau. Amma mai niyyar shiga asusun banki ko yi wa mutane rajista a intanet, gara ya ƙara kuɗi ya sayi na ƙarni na 8.

Yawancin allunan nan ba su da Wi-Fi. A nan waya ke shigowa: a jona ta da kebul, a kunna USB tethering, kwamfuta ta samu intanet. Sai dai mutanen Birnin Gwari sun ga yadda aka rufe layukan sadarwa a 2021 na kusan wata biyu, kuma ko yau ba ko'ina sabis ke da ƙarfi ba. Fayil ɗin Windows 11 ya haura gigabait 5. A sauke shi da direbobin allon a filash tun ana birni.

Mai sola kada lambar 500W da ke jikin fawa-fak ta tsorata shi. Iyakar abin da za ta iya bayarwa ke nan, ba abin da take sha ba. Kwamfutar ofis marar katin hoto ba ta cika kaiwa wat 100 ba a aikin yau da kullum. Abin lura shi ne nau'in inbata. Mai arhar nan da ke sa fanka gurnani tana wahalar da fawa-fak na zamani, har wasu su riƙa mutuwa da kansu, don haka a nemi wadda aka rubuta pure sine wave a jikinta. Kesin kuma a ɗaga shi daga ƙasa ko da a kan benci ne, a kuma busa ƙurar fankoki sau biyu kafin hunturu ya wuce, ana riƙe da fiffiken da yatsa don kada ya juya.