Ƙaurin da Ba na Tukunya Ba

Jama'ar birnin Zazzau, maganata gare ku ɗaya ce. Duk gidan da aka ji ƙauri, aka leƙa madafa aka tarar da tukunya lafiya lau, aka duba waje ba mai ƙona shara, to kada kowa ya kwanta a gidan nan sai an gano inda ƙaurin yake fitowa. In an rasa, a kashe wutar gidan gaba ɗaya a kwana a duhu.

Hunturun bara na shiga gaida gwaggona a Kwarbai bayan sallar isha'i. Ina ɗaga labulen ɗakinta wani ƙarni ya daki hancina, a ƙarƙashin ƙamshin turaren wuta.

"Gwaggo, kifi aka soya yau?"

"Wane kifi, ɗan nan? Tuwo muka yi, miyar kuka. Yau kwana uku ke nan muna fama da wannan ƙarni. Na sa yara sun ɗaga gado ko ɓera ne ya mutu, ba su ga komai ba. Shi ne nake ta zuba turare."

Na tambaye ta ko ƙarnin yana nan kullum. Ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce a'a, da rana ba a jin sa, sai dai da dare in an kawo wuta. Nan gabana ya faɗi. Na kunna fitilar wayata na bi bango ina shinshinawa, har na kai bayan sif ɗin kayanta. Da muka ja shi, ga soket a ƙasa, farinsa ya koma ruwan ƙasa kamar an gasa shi, filogin da ke ciki ya narke ta ƙafa ɗaya ya manne. Daga wannan filogi aka ja doguwar waya mai baki huɗu, a jikinta akwai firiji, da talabijin, da cajar waya, baki na huɗu kuma na hita ne da ake ɗora ruwan wankan asuba. Tsakanin soket ɗin da gefen katifar soso da jikokinta biyu suke kwana a kai, bai fi taki ɗaya ba.

Washegari mai gyaran wuta ya kwance soket ɗin. Kusar da ke riƙe da waya ta saki, wayar tana rawa a ciki. Ya sa wuƙa ya kankare bakin wayar, sai jan ya tafi, fari ya fito. "Malam, ka gani? Wannan ba tagulla ba ce, goran ruwa ne aka shafa masa ja." Da muka je allon mita a zaure ya zare katawut, sai ga wata murɗaɗɗiyar waya mai kauri a inda ya kamata a ga siririn fis. Wani ne can baya ya gaji da yawan tsinkewar fis ɗin, ya yi masa maganin dindindin.

Abin da na gani a ɗakin nan ba na gidan gwaggona kaɗai ba ne, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Yawancin gidajen cikin ganuwa an ja musu wuta ne tun zamanin NEPA, wadda aka kafa a 1972, wasu ma tun kafin ta. Lokacin nan me ake kunnawa? Ƙwan fitila uku ko huɗu, rediyo, in gidan mai hali ne a ƙara fanka. Yau gidan nan ɗaya ya zama sassa biyar ko shida, kowane ɗa ya yi aure ya yanki wuri ya tayar da ɗaki, kowace amarya ta zo da firijinta da dutsen guga da butar lantarki da abin turaren wuta na lantarki. Wayar da ta shigo daga fal ɗin waje kuwa tana nan yadda kaka ya bar ta. Kowane sabon sashe sai a jona masa daga na kusa, a murɗa waya da hannu, a naɗe da baƙin salatif, a cusa a bayan azara ko saman silin inda ido ba ya kaiwa sai ɓeraye.

Lissafin ba mai wuya ba ne. Wutar da ke shiga gidajenmu bolt 230 ce. Filogi mai ƙafa uku, in ka juya shi za ka ga lamba 13 a rubuce, iyakar abin da aka yi shi ya ɗauka ke nan, wato kusan wat 3,000. Yanzu ka ɗaga butar lantarki ka karanta gindinta, da yawa wat 2,000 ne ko kusa da haka. Dutsen guga ya kai 1,000 ko fiye. Hita ma haka. Butar da ɗaya daga cikin sauran biyun sun cika ma'auni, na uku ya haura, alhali doguwar wayar da ake saya a bakin titi ko rabin wannan nauyi ba za ta iya ba, domin zaren da ke cikinta bai fi gashin wutsiyar doki kauri ba. Masu wayarin na gaskiya suna sa waya mai lamba 1.5 ga fitilu, mai 2.5 ga soket, mai kauri fiye da haka ga na'urar sanyaya ɗaki. Mai son araha ya ce a ja masa duka da 1.5, ita ɗin ma jabu. Hukumar SON mai kula da ingancin kaya ta sha kama irin waɗannan wayoyi tana lalatawa, amma kasuwa ba ta rabu da su ba, tunda muna saye. Kowa ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa.

Ga abin da mutane da yawa ba su sani ba, kuma shi ne ya fi ba ni tsoro. Mahaɗar waya in ta saki, zafi take tarawa a wuri ɗaya ko da kayan da ke kanta ba su yi yawa ba. Wutar da ke wucewa daidai take, saboda haka ko fis ɗin ƙwarai ne ba zai tsinke ba. A hankali robar soket take gasuwa, yau kaɗan gobe kaɗan, kuma irin robar da ake yin soket da mariƙin ƙwan fitila da ita in ta gasu ƙarnin kifi take yi. Ba hayaƙi, ba tartsatsin da za a gani. Hanci ne kawai zai gaya maka. Mu kuwa gidajenmu cike suke da abin da ke rufe hanci: hayaƙin murhu, maganin sauro, ƙurar hunturu, hayaƙin janareta na maƙwabci, uwa uba turaren wuta. Ba na hana mata turarensu, ni ma ina so. Amma wari in ba a san asalinsa ba, nemansa ake yi, ba a binne shi da ƙamshi.

Sai kuma halin wutar kanta. Wani lokaci a kawo ta ba ƙarfi, ƙwan fitila ya yi ja kamar garwashi. Mutane suna ɗauka wuta mara ƙarfi ba ta ɓarna. Tana yi. Injin firiji yana ƙoƙarin tashi ya kasa, ka ji ya yi gurnani ya yi ƙas ya yi shiru, can ya sake, duk wannan zafi yake tarawa. Fankar sama ta tsaya ko tana jan ƙafa, an bar ta a kunne, koyil ɗinta yana dahuwa. Wani lokacin kuma akasin haka ne, fitilu su yi wani irin haske mai kashe ido, caja ta yi hayaƙi. Sau da yawa wayar nutural ce ta tsinke a layi, sai ƙarfin wuta ya tashi ya doshi bolt 400 a wasu gidaje. Mutanen unguwar Gwargwaje ba za su manta da farkon shekarar 2023 ba, daren da babbar waya ta tsinke ta faɗa kan ƙananan wayoyin da ke shiga gidaje, aka rasa rayuka, dukiya ta ƙone. Allah ya jiƙan su. Irin wannan ba laifin mai gida ba ne, kuma in ka ga tartsatsi ta ko'ina kada ka taɓa komai, ka fitar da iyali kawai. Amma abin da ya fi yawa shi ne wanda muke jawowa da hannunmu: an ɗauke wuta ana cikin guga, aka tashi aka bar dutsen a kan zani. An tsoma hita a bokitin roba aka manta. Ƙarfe biyun dare aka dawo da wuta, kowa na barci, ruwan ya ƙone, bokiti ya narke.

Kada wani ya ce ai wannan matsalar talaka ce da tsohon gini. A Landan, daren 14 ga Yunin 2017, firiji ne ya kama a kicin ɗin wani gida a hawa na huɗu na benen Grenfell mai hawa 24. Abin da aka lulluɓe jikin benen da shi mai cin wuta ne, sai ta bi shi ta haye sama. Mutum 72 suka mutu, a garin da motar kashe gobara ta iso cikin 'yan mintoci. Mu nan fa? Daga Ƙofar Doka zuwa Babban Dodo titi ne, mota za ta wuce. Amma ka saki titi ka kutsa lungunan Kwarbai ko Juma ko Limancin Kona, akwai inda babur biyu ba sa giftawa sai ɗaya ya tsaya. 'Yan kwana-kwana ko sun zo da wuri, a bakin titi za su tsaya suna jan tiyo. Gida kuma ƙofarsa ɗaya, ta zaure, tagogi an dasa musu ƙarfe saboda ɓarayi. Ginin ƙasa na kakanni, bangonsa ba ya ci. Mu muka zo muka sa silin na roba da kwali, muka cika ɗaki da katifar soso da labule da kujerun kushin. Hayaƙin waɗannan guba ne, yakan kashe mai barci tun harshen wuta bai iso gare shi ba.

To in ka ji ƙaurin, me za ka yi? Ka fara da zaure. Da busasshen hannu, takalmi a ƙafarka, ka kashe wutar gidan daga allon mita, in da janareta ko inbata su ma ka kashe. Sannan ka ɗauki tocila ka bi ɗaki ɗaki, kana rufe ƙofar kowanne a bayanka, domin ka gane inda warin ya fi tsayawa. Ka kai bayan hannunka kusa da kowane soket da makunni, zafi ba ya saurin tafiya. Ka ja sif, ka ja gado, ka ja firiji, domin soket ɗin da ya fi haɗari shi ne wanda aka shekara ba a gan shi ba. Ka zare kowane filogi ka dubi ƙafafunsa, ka kai hanci bayan talabijin da sitabilaiza, ka ɗaga kai ka dubi kan fanka da mariƙin ƙwan fitila. Warin ma yana da yare. Ƙarnin kifi na soket ne da makunni. Warin roba mai kama maƙoshi na rigar waya ne. In kuwa kamar ruɓaɓɓen ƙwai ne a kusa da batiran sola, batir ne ya sha caji fiye da kima, ka buɗe taga, kada ka kunna ashana a wurin. Batirin waya ko fawa-bank da ya kumbura, ka fitar da shi tsakar gida ka ajiye a ƙasa nesa da kaya.

In ka gano na'urar, ta bar aiki har sai an gyara. Ba a gwada ta "a gani ko za ta sake". In kuma ka zare komai ba ka ga mai laifi ba, to abin yana cikin bango ko saman silin, kuma wannan ya fi ƙarfinka. Kada ka mayar da wuta. Ka nemo mai wayarin da ya san aikinsa, ba yaron da ya yi wata uku yana riƙe wa ubangidansa tsani ba, ka ce ya buɗe katawut a gabanka ka ga abin da ke ciki da idonka. In har ta riga ta kama, ruwa ba ya zuwa kan wutar lantarki sai an yanke ta, yashi ake watsawa. A fitar da yara da tsofaffi tukuna, a yi kururuwa maƙwabta su ji, a kira 112.

Na san abin da za a ce mini, domin an sha faɗa: tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Na yi imani da ƙaddara kamar kowa. Amma Zazzau garin malamai ne, kuma ɗaliban zaure sun karanta a Bukhari da Muslim labarin gidan da ya ƙone da mutanensa cikin dare a Madina, da yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni a riƙa kashe wuta in za a kwanta. A zamaninsu fitilar mai ce da garwashi. Tamu tana cikin bango. Mutumin da hancinsa ya yi kwana uku yana gaya masa, ya amsa da turare, ban san da wane baki zai kira abin da ya biyo baya tsautsayi ba.

Ina roƙon limamanmu su faɗi wannan a masallatan unguwa tun kafin sanyi ya kankama, masu unguwanni su faɗa a wurin ɗaurin aure da suna, matan da ke zuwa Islamiyya su gaya wa juna, tunda su ne a gida lokacin da ƙaurin yake farawa. Kai kuma mai gida, yau da dare kafin ka rufe zaure, ka zaga sassan gidanka, ka zare hita da dutsen guga daga bango, ka ja katifar yara nesa da soket, ka ajiye makullin ƙofa inda kowa ya sani.