In An Tambaye Ka Dalilin Barin Aikinka

Malamin hakimi da ya nemi aiki a Gwamnatin Jiha ko a Ƙaramar Hukuma, lalle za a kira shi gaban hukumar ɗaukar ma'aikata a gana da shi. Cikin tambayoyin da za a yi masa akwai wadda ta fi ka da mutane, watau, "Me ya sa ka ke son barin inda ka ke?"

Wannan tambaya ba sabuwa ba ce. Tun zamanin En'e, kafin gyaran ƙananan hukumomi na 1976, malaman gunduma da su ka yi kwas a Makarantar Koyon Sha'anin Mulki ta Zariya su kan gamu da ita in sun nemi aikin Gwamnati a Kaduna.

Abin da masu tambaya ke auna shi ne halinka, domin dalilin sun riga sun yi zatonsa. Saboda haka kada ka zagi maigidanka. Wanda ya ce hakiminsa azzalumi ne, ko da gaskiya gare shi, ya nuna musu yadda zai faɗe su gobe. Balle ma galibi wurin hakimin nan za a aika neman shaidarka.

Ga irin amsa mai kyau: "Ranka ya daɗe, shekarata shida ina riƙe da littafin haraji da wasiƙun gunduma. Na iya aikin, ba kuwa wani matsayi gaba da ni a can. Ina son inda zan ƙaru." Ka ga babu ƙarya a ciki, babu ƙorafi.

Batun albashi ba abin kunya ba ne, kowa da iyali. Amma a ganina kada ya zama shi ne farkon maganarka. In kuwa an taɓa ba ka takardar tuhuma, faɗi da bakinka a taƙaice, gama tana cikin fayil ɗinka, za su gani.

Ka lura kuma da bambancin ajiye aiki da canjin wurin aiki. Wanda ya bi ta hannun shugabansa aka yi masa canji, shekarunsa na baya suna cikin lissafin fanshonsa. Mai ajiyewa kuwa sai ya ba da sanarwar wata guda, ko ya biya albashin wata.

Hakimai kuma ana roƙonsu kada su danne takardar malaminsu don jin haushi. In ya cancanta, a rubuta masa shaida da wuri, tun ranar ganawa ba ta wuce ba.