Ko Kun Sani? Mai Sayar da Yadi ne Ya Fara Ganin Bakteriya

Madubin likitan da ake duba jinin mai zazzaɓin cizon sauro da shi a garin Dapaong ko Mandouri, wani mai sayar da yadi na cikin waɗanda suka share masa hanya. Antonie van Leeuwenhoek, haifaffen garin Delft na ƙasar Holan a 1632, ko ƙofar jami'a bai taka ba. Da hannunsa yake haɗa 'yan mitsi-mitsin gilasai, wasu na ƙara girman abu fiye da sau 200.

A 1674 ya leƙa ɗigon ruwan tafki ta cikin gilashinsa, sai ga halittu suna ta iyo. A 1683 kuwa dattin haƙoransa ya kankaro, ya tarar da bakteriya na motsi, ya zana su cikin wasiƙarsa ga ƙungiyar masana ta Royal Society a Landan.