In Mota Ta Fara Tari, Kada a Yi Gaggawar Sauke Inji

Abin da ke ƙona mini rai a garejojin Yelwa shi ne, direba ya ce motarsa na tari tana fizga, a ce masa sai an sauke inji. Alhali inji na buƙatar mai, iska da wuta, kuma galibi ɗayansu ne ya gaza.

Ni da mai nake farawa. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 mutane ke yawo da tanki kusan wayam, famfon mai yana zuƙo dattin gindinsa. Ga man jarkar 'yan bumburutu a hanyar Wara ko Shanga, wanda damina kan sa wa ruwa. Tsiyayi kaɗan a farar kwalba ka ajiye. Ruwa ya fi fetur nauyi, za ka gan shi kwance a ƙasa. Injin kwalekwalen masuntan tafkin Kainji ma haka ake gwada masa.

In sai ka taka totur ko kana hawan tudu take shaƙewa, zargi filtar mai ko famfo.

Sai fulogi. Kwance shi ka dubi bakinsa: baƙin gawayi busasshe, mai ya yi yawa ko ƙurar hunturu ta toshe filtar iska; jiƙe da baƙin mai, zoben fistin ya cinye; fari fat, mai bai isa ba. In bayan ruwan sama motar ke tarin, duba wayoyi da kwayil.

Direba, kafin ka biya kuɗin sauke inji, ka ce wa makanike ya nuna maka fulogin da idonka.