Yadda ake ƙera ƙaramin injin Stirling a gida

A shekarar 1816 ne wani malamin coci ɗan Sikotilan, Robert Stirling, ya yi rajistar injin da ba a ƙona mai a cikinsa, daga waje ake ɗumama shi. Har yau masu sha'awar ƙere-ƙere na sassaƙa ƙananan irinsa a gida, wasu ma zafin kofin shayi kaɗai ke juya su.

Iskar da aka kulle cikin silinda ce ke aikin. Idan ta ɗauki zafi sai ta buɗe ta tura fistin, idan ta huce sai ta tsuke ya komo. Akwai fistin na biyu marar nauyi, mai kai iskar ɓangaren zafi ya dawo da ita ɓangaren sanyi. Sanda ɗaya ke juya su, na biyun yana gaba da digiri 90.

Wahalar tana wurin fistin na farko, domin ƙarfin injin kaɗan ne ƙwarai. In ya yi sako-sako iska ta zurare, in ya matse gogayya ta cinye ƙarfin. Shi ya sa maƙera da dama ke yin sa da girafait, sinadarin bakin fensir, mai santsi ba tare da mai ba.

Kafin a haɗa injin akan gwada shi. A tsayar da silinda, a toshe ƙasanta da yatsa: fistin ya kamata ya tsaya ko ya sauka a hankali. Da an ɗage yatsa kuwa, ya faɗo da nauyin kansa. In bai yi haka ba, sai a sake sassaƙa wani.