Ba Zafin Wuta ke Sa Kaza Ta Soyu Rumus Ba

A gidaje da yawa a Mashi, da sauran garuruwan da ke kan titin Katsina zuwa Daura, an ɗauka cewa kaza ba ta soyuwa rumus sai an iza wuta, mai ya fara hayaƙi, an bar ta a kasko har ta yi duhu. Masu faɗin haka iyayenmu ne, kuma ba su rasa hujja ba. Suyar da suka gada ta ajiya ce: naman layya da kajin gara, waɗanda ake so su yi kwanaki a kwano ba firji ba lantarki. Dole a ƙone ruwan jikin naman kaf. Ga wannan buƙata, babu mai gyara musu.

Inda na saɓa shi ne ɗauko wannan ƙa'ida a ɗora wa kazar da aka turbuɗa a gari, wadda za a ci yanzu-yanzu. Gari ba ya jure abin da tsoka ke jurewa. In mai ya kai ga hayaƙi, kafin zafi ya ratsa cinya bayanta ya ƙone, tafarnuwa da barkonon da ke jiki sun koma ɗaci, a gutsura a tarar da jini a jikin ƙashi. Man gyaɗan masu ƙuli-ƙuli ma, da yake ba a tace shi ba, ya fi na kanti saurin hayaƙi.

Abin da ke kawo ƙaras-ƙaras shi ne bushewar bayan naman da irin garin. A jiƙa kazar cikin nono mai tsami da gishiri, citta, masoro, kanumfari da tafarnuwa, ta yi wasu sa'o'i a wuri mai sanyi. Tsamin nonon yana tausasa tsoka, kuma da irinsa mutanen kudancin ƙasar Amurka ke jiƙa tasu. Mu kuwa ga shi nan a ƙwaryar Fulani kullum. A tsane ta, a turbuɗa a fulawar da aka sirka da garin sitaci ko na shinkafa, a danna da hannu, a bar ta ta huta kamar minti 15 har garin ya kama. Fulawa zalla tana saurin yin laushi.

Zafin mai kuwa tsakanin digiri 170 zuwa 180 ya isa. Uwargidan da ba ta da ma'auni ta barbaɗa ɗan gari: in ya taso yana tsuwa nan take bai yi baƙi ba, ya yi. Sai a sa yanka huɗu ko biyar, kada a cika kasko. Cikawar ce ke kashe zafin mai, kazar ta koma dahuwa tana shan mai, daga nan a ce wuta ce ta yi kaɗan, a ƙara itace. 'Yan Koriya ta Kudu, da suka yi suna a wannan fage, sau biyu suke soyawa, da hutu a tsakani. Shi ma Harland Sanders na KFC, kamfanin da ya shigo Legas a 2009, da tukunyar matsin tururi ya rage lokacin suyarsa.

Wani wuri kuma da zan ba tsofaffi gaskiya ba gardama: zakaran Hausa da ya shekara yana yawo a tsakar gida sai an sulala shi, a bar shi ya huce ya tsane sosai kafin gari. Kazar gidan gona, 'yar sati shida ko bakwai, ba ta buƙatar haka.

In an kwashe, a baza a kwando mai huji iska ta shiga. Da yawa nan suke ɓata aikinsu: a zuba da zafinta a kula a rufe don maigida, tururi ya jiƙa garin, kafin ya dawo daga sallar isha'i ta yi laƙwas.